Karsanar da Na Ce Sai Bayan Raina

Na Allah ne mu, kuma wajensa muka nufa. Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, labari ya iske ni a Belbeji cewa Malama Zuhaira Abdulmajid ta rasu a Damagaram bayan jinyar kwana tara.

Malama, shekara uku ke nan da kika zo daga jami'a da takardun anketi, wato na tambayoyin bincike, wai kina auna sa rai a zuciyar mutum. Kika ɗauke ni, dillalin dabbobi, in yi miki tafinta da makiyaya. Sai ki zube tsakuwa goma, ki ce mutum ya ɗebi gwargwadon fatan da yake wa baɗi. Kowa ya kwashe goma, don wane Musulmi zai ɗebe tsammani daga Ubangiji a gaban baƙuwa? Ni kuwa na zaga na raɗa musu su ɗauki ɗaya-ɗaya, ko a kawo tallafin dusa. Ba ki tona ni ba. Dariya kika yi, kika ce, "Ɗanmalam, har fata kake wa dillanci?"

Daga nan kika ajiye tsakuwa, kika zauna gefena a kasuwa. Kika ce baki yana ƙarya, igiya ba ta yi: wanda ya jawo tsohon bijimi hatsi yake nema, amma wanda ya jawo karsana ko tunkiya mai ciki ya fid da rai da baɗi. Ranar da Rissa, makiyayi daga wajen Ollelewa, ya kawo tunkiyarsa ta ƙarshe, ke kika saye ta, kika ba shi kiwo ya koma da ita.

Kin tambaye ni ko zan sayar da tawa karsanar. Na bugi ƙirji na ce sai bayan raina. Kika rubuta.

Bana ciyawa ta ƙare tun kafin azumi. Abin da ake jawowa kasuwa dabbobi mata ne zalla, da cikinsu, kuma babu mai rubutawa. Na riƙe tawa don kunyar idonki, tunda kin ce za ki dawo da damina. Bayan addu'ar bakwai ɗinki na kwance ta da hannuna. Ni da ake gudun bakina a ciniki, tayin farko na sallama.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki. Allah ya ba maigidanki Malam Mukhtar da 'yarki Nafisa haƙuri. Mu kuma da muka saura, Allah kada ya kama mu da abin da igiyoyinmu suka faɗa.