Naja'atu da zukatan da ta gina a kwamfuta

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, bayan sallar la'asar, aka kira ni daga gidanku na Tarauni aka ce Dakta Naja'atu Sulaiman ta rasu, bayan gajeriyar rashin lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san ba a jayayya da ajali, Naja'atu. Amma raina a ɓace nake wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin masu ciwon zuciya, ke kuwa lissafi kika karanta, ba ki taɓa riƙe allura ba. Ranar da kika fara shigowa da kwamfutarki a jaka, na ɗauka dubiya kika zo. Kika zaunar da ni kika yi min bayani dalla-dalla. Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, wani sashe na namanta yakan mutu ya zama tabo. Mutum ya samu sauƙi a sallame shi, amma tabon na nan yana rikita bugun zuciyar, wata rana sai a ji ya faɗi. Haka mahaifinki ya faɗi a tashar Unguwa Uku. Aikinki shi ne ki karɓi hoton zuciyar majinyaci, ki gina irinta a kwamfuta, ki sa ta riƙa bugawa, ki gano inda tabon zai kawo matsala tun kafin ya kawo.

Ba zan manta da Malam Kabiru ba, ɗan adaidaita sahu daga Unguwar Gano, wanda ya daina shan magani wai ya warke. Mun yi masa faɗa mun gaji. Ke kika juyo masa da kwamfutar, ya daɗe yana kallon zuciyar tana motsi, sannan ya nuna wani wuri baƙi da ba ya motsi da sauran.

"Hajiya, wannan a jikina yake?"

"A jikinka yake, Malam. Sauran naman ne ke ɗauke masa aiki."

Har yau bai ƙara tsallake ranar asibiti ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki.

Ga abin da ke ci min rai. Na'urar ɗaukar hoton ta lalace, aka bar ta wata da watanni. Lissafin da ke cin wuni guda, sai ya kusa kammala a ɗauke wuta, ki sake daga farko. Kwamitin da zai ba ki izinin gwada aikin a kan majinyata da yawa kullum ɗage zama yake. Wani babba ma ya faɗa a gabana cewa wannan aikin Turawa ne, mu zazzaɓin cizon sauro bai bar mu ba. Kin roƙi a ba ki ɗalibi ko ɗaya ki koya masa, aka ce ki jira. Da aka gayyace ki ƙasar waje kika ƙi tafiya, kika ce zukatan mutanenmu kike son sani, su kuma a nan suke.

Yanzu kwamfutar na kan teburinki a rufe, ba mai iya ci gaba a cikinmu. Jiya Inna Kande, wata majinyaciyarmu, ta zo daga Daurawa tana neman yarinyar da ta yi alƙawarin nuna mata zuciyarta. Na gaya mata kin rasu. Ta yi miki addu'a mai tsawo, sannan ta tambaye ni wa zai nuna mata yanzu. Ni dai sai na auna mata jini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Aliyu, da mahaifiyarki Hajiya Indo, da 'yarki Ummi. Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Aikin da muka kasa taya ki, Allah Ya ba ki ladansa cikakke. Amin.

Uwani Audu,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.