Ashe Akwai Gulbi a Cikin Kunnena

Argungu

Ana sallame sallar asuba muka fita ni da babban ɗana Umaru, ya riƙe mini hannu kamar zan gudu. Dalilin tafiyar: tun damina, in na ɗaga kai zan jefa birgi, ragar kamun kifi, sai gulbi da sama su yi musaya. Rannan na faɗa ruwa gaban jama'a. Umaru ya yanke hukunci cewa ni da kwalekwale mun rabu. Ni da na koya masa iyo! Na ce sai dai likita ya faɗa, shi ma sai na duba takardunsa, don na yi aji uku na firamare.

Hanya

A tasha muka ci ƙosai da kunu, muka shiga wata mota da ta girme ni. Duk ramin da ta faɗa sai gonakin shinkafa su tashi su yi rawa. Direba ya waiwayo.

"Baba, mi as same ka? Ko mutanen ruwa na?"

"Mutanen ruwa sun san ni, yaro. Kai dai dubi hanya."

A shingen 'yan sanda wani ya leƙo, ya ga na rungume kujera ido rufe, ya ce mu wuce.

Birnin Kebbi

Keke ya bi da mu ta unguwar Nasarawa har asibiti. Likitar mace ce, sa'ar jikata. Na nuna mata kai, ta ce kunne ne. Na ce kunnena lafiya lau, har gulmar Umaru yana ji.

Ta ɗauko wani kunnen roba ta buɗe. Can ciki akwai abu kamar katantanwa, shi ke ji. Kusa da shi ƙananan bututu uku, lanƙwasassu, cike da ruwa. Su ke gaya wa mutum ko a tsaye yake ko ya karkata. Ta ce akwai tsakuwoyi ƙanana kamar rairayi, nawa sun zame sun shiga bututun da ba nasu ba, suna kaɗa ruwan.

"Wato yashi ya toshe mashigi," na ce. "To a yashe."

Ta kwantar da ni, kaina na reto, ta juya shi nan, ta jira, ta juya can. Ɗaki ya kife. Na kama rigar Umaru ina salati.

"Baba, mu tsaya?" in ji likita.

"Ɗiyata, ci gaba. Ban zo Birni hutu ba."

Da ta zaunar da ni, bango ya tsaya wurinsa. Ta ce in haƙura da ruwa sai jirin ya ɗauke sarai. Umaru ya yi murmushi. Na ce ya adana haƙoransa.

Gida

Mun iso bayan la'asar. Na yi haƙurin, kullum ina ɗaga kai sama kamar mai neman wata. Da na tabbata jirin ya ɗauke, na sauka bakin gulbi. Umaru ya shiga ruwa har ƙugu ya riƙe gindin kwalekwale. Na hau, na miƙe, na juya, na watsa birgi. Karfasa ɗaya ta fito, wadda ko kyanwa sai ta raina. Amma ƙafata ba ta motsa ba.

"Umaru, saki."

Ya dube ni, ya dubi ruwa, ya saki.

Alhamdu lillahi. Allah ya yi wa 'yar likitar nan albarka, direban kuma Allah ya ba shi wata mota.