Furata a Ƙofar Tsohuwar Tasha

Mu a Ƙonni ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba, sai dai labarinsa. Amma shi ya tafi mana da wana. Ya hau mota a ƙofar tasha, ya ce zai kama jirgi a Ƙauran Namoda ya gangara kudu neman aiki. Ya ce wa inna duk saƙon da zai aiko, a ƙofar tasha za a same mu, wajen mai fura. A lokacin haka ake kwatance, ba wanda ya san lambar gida. Da ƙafafun inna suka gaza, ni na gaji ƙwaryar da wurin zaman.

Ƙofar ta ƙasa ce, doguwa, da bishiyar bedi a gefenta. Shekarar da aka kawo kwalta aka ce za a rushe ta, a mayar da tasha bayan gari. Masu tuwo suka kwashe, mahauta suka bi su. Wani jandarma ya zo ya tsaya a kaina.

"Ke ɗiyata, ba ki ji abin da anka ce ba?"

"Na jiya, baba. Ba ni tashi. Nan wana yac ce a iske mu."

Raina ya ɓaci matuƙa ranar da katafila ta ture ƙofar, ta tumɓuke bedin. Na kakkaɓe zanena, na dawo da ƙwaryata daidai inda take. Kantuna suka tsiro hagu da dama. Ciniki ya mutu, rana ta yi ta gasa ni, mata na wucewa suna cewa na zautu. Su dai suka sani.

Wata ranar kasuwa na ga wani dattijo da ƙunshi a hannu yana ta juyi a tsakiyar titi, yana tambayar ina ƙofar tasha. Na ɗaga murya na ce ga ta nan. Ya durƙusa ya kwance ƙunshin. Hular wana ce. Dattijon ya ce zazzaɓi ya ɗauke wana tun bara, shi ya yi masa wanka.

"Ba don na gane ki nan ba, da na koma da ita."

Na kai wa inna. Ta yi kukanta, muka yi sadaka, ta daina zabura in ta ji ƙarar mota.

Washegari na ɗauki ƙwaryata na nufi sabuwar tasha da ƙafata. Ba wanda ya kore ni.