Telan Kantin Auduga da Ƙafafun Mutanen Shamaki

Duk wanda ya girma a Shamaki ya san Malam Sadisu tela, ya kuma san inda yake zama: kusurwar hagu ta tsohon ginin nan da ake kira Kantin Auduga. Dattawa sun ce wani kamfanin Turawa ne ya gina shi tun Gombe ba ta cika ba. Bangon dutse ne mai kaurin kamu guda, rufin kwano can sama, da 'yan tagogi a ƙarƙashinsa don iska. Daɓen kuwa da gangan aka karkata shi zuwa ƙofa, don a riƙa gangara dilar auduga har bakin mota.

A kan wannan gangara Sadisu ya shekara da shekaru yana awon mutane. Sai ya tsayar da kai a gicciye, ya ja tef daga ƙugu har ƙasa, dama daban, hagu daban. Kullum hagu takan fi da yatsa biyu. Idan ka yi ƙorafi sai ya ce ai ba ɗan Adam ɗin da ƙafafunsa suka zo daidai, sauran teloli ne ba sa tsoron Allah balle su faɗa maka. Mutane suka yarda. Malam Shu'aibu mai hatsi har wajen maɗori ya je, ya dawo yana ɗingishi kaɗan, don kada ya ƙaryata wandonsa.

Ni dai na tabbata Sadisu ya gano gaskiya tun da daɗewa. Amma mutumin da ya gaya wa rabin unguwa ƙafarsu ce da laifi, ta ina zai fara?

Da ginin ya faɗo hannun Hajiya Bilkis ta gado, ta ce za a daidaita daɓen a shimfiɗa tayil, masu sayar da waya su shigo. Nan take Sadisu ya zama masanin tarihi. Mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dubi rufin ba, yanzu shi ke tare masu wucewa yana nuna musu sassaƙar dutse. Ya ce kakannin kowa sun zuba gumi a daɓen nan, taɓa shi cin amana ne. Ya bi Hajiya har gidanta a GRA, ya durƙusa.

"Hajiya, a taɓa rufi, a taɓa bango, ban ce uffan ba. Daɓen kawai."

"Malam, kai da gangara wace zumunta ce haka? Ko a nan aka binne cibiyarka?"

Ya ce kishin gari ne. Ta ce Allah ya saka, magina za su zo Asabar.

Aka daidaita daɓe sumul, Sadisu ya koma kusurwarsa. Wanda ya fara kawo yadi kuwa Shu'aibu ne. Sadisu ya auna dama, ya auna hagu, ya sake aunawa, duk ɗaya. Ya so ya ƙara yatsa biyun nan da kansa, sai dai Shu'aibu ya zuba wa tef ɗin ido kamar mai awon gero. Haka ya ɗinka, yana jiran tonon silili.

Ranar Juma'a sai ga Shu'aibu da jama'a a bayansa, yana taku ɗai-ɗai, ba ɗingishi. Sadisu ya fara laluben takalmansa. Shu'aibu ya kama hannunsa biyu, idonsa ya ciko, ya ce abin da ya gagari maɗori ga shi tela ya yi da awo ɗaya.

"Ashe kana da hannu, Malam, ka ɓoye mana?"

Sadisu ya dubi layin masu yadi da ya kai har titi, kowa ya ɗan karkace gefe ɗaya. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba komai ba ne, Allah ne mai warkarwa. Sannan ya ce a shigo ɗaya bayan ɗaya, dattawa tukuna.