Ranar da Tsere Ya Bar Hayyin Ashir

A shekarata ta biyu a Alƙahira na fara zuwa kallon tsere. Karatu ne ya kai ni, kamar yawancin 'yan Arewa da ke zaune a unguwar Hayyin Ashir a farkon shekarun dubu biyu, kuma abin da na sani game da babur bai wuce hawa acaɓa a gida ba. Wanda ya ja ni shi ne bakaniken da ke ƙasan benenmu. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso za su Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, ba su ƙarasa ba, ba su kuma koma ba. Usta kowa ke ce masa, kamar yadda Misirawa ke kiran duk gwanin sana'ar hannu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, Hausarsa rabi Larabci, ga zuciya a kusa.

Wata Juma'a da safe ya gan ni da littafi a hammata, ya ce, "Ɗan malam, littafi ba zai gudu ba. Yalla, zo ka ga yarona."

Wanda yake kira yaronsa magidanci ne Bamisire mai 'ya'ya biyu, ɗan mai gidan burodin unguwarmu. Mu 'yan Najeriya Mai Burodi muke ce masa. Jan babur yake hawa, wanda Usta ya harhaɗa da hannunsa daga kayan gwangwan, kuma Usta ba ya yarda kowa ya taɓa shi da sifana sai shi.

Filin tseren ba fili ba ne. Bayan gidajen ƙarshe na unguwa, inda hamada ta fara, an shimfiɗa titunan wata sabuwar unguwa, da kwalta da turakun fitila, sai aka bar su ba gida ko ɗaya. Nan masu babura da masu motoci ke haɗuwa duk Juma'a da hantsi, lokacin da gari ke barci. Babura su fara, motoci su biyo baya, kafin a kira salla an watse. Ba tikiti, ba shinge, amma kowa ya san wurinsa. 'Ya'yan masu kuɗin unguwar Mohandessin na jingine da motocinsu a wurin tashi. Misirawan Ashir na jere a gefen dogon titi. Mu baƙaƙe, 'yan Sudan da 'yan Najeriya da 'yan Somaliya kaɗan, muna da tudun ɓaraguzai a cikin wata kwana mai kama da gwiwar hannu. In babur ya zame, waje yake yi, ya je ya yi ta birgima cikin yashi, ba ya zuwa inda muke. A garin da yara ke bin ka da tsokana a titi saboda launinka, kan tudun nan ne kawai ba mai yi maka kallon baƙo. Duk lokacin da Mai Burodi ya fito daga kwanar sai ya ɗaga mana ƙafar hagu, mu kuwa mu ɓarke da ihu. Usta ya kan yi tsalle har hularsa ta faɗi.

Sai manyan motoci suka fara sauke siminti da rodi. Wata Juma'a muka tarar an haƙa ramin bututun ruwa ya ratsa dogon titi gida biyu. Aka yi watanni ba tsere. Daga baya labari ya zo cewa wani attajiri ya gina filin tsere na gaske a gonarsa, can kan hanyar Suwes, da shingen waya da ƙofa da masu gadi. Ya haɗa tserenmu da na wasu mutanen tsallaken kogi, waɗanda su ma gine-gine suka kore su daga nasu titin.

Usta ya tofar da yawu ya ce, "Sun ƙwace mana gona, yanzu sun ce mu zo mu sayi hatsi." Amma duk makon nan a ƙarƙashin jan babur ya kwana ya tashi.

Ranar buɗe filin muka yi shatar mikrobas, irin ƙananan motocin hayar nan, muka cika ta har da masu tsayuwa a ƙofa. Tun daga ƙofar filin na ga ba gida muka zo ba. Akwai rumfa da kujeru, amma na masu motoci ne. Mu kuwa, masu gadi suka kora mu da baki ta bayan waya, muka yi ta tafiya cikin rana har gefen da babu komai sai yashi. A nan tudu ɗaya ne tak, ƙasar da katafila ta ture ta bari a bakin kwanar ƙarshe. Tsakaninsa da kwalta igiya ce da tsofaffin tayoyi. Kuma mutanen tsallake sun riga mu. Sun cika shi maƙil, da gangarsu da tutarsu, suna waƙar nasu gwanin mai baƙin babur.

Daga ƙasa ba ka ganin komai sai bayan mutane. Wani daga cikinmu ya ce mu haƙura mu tsaya a nan. Usta bai ko kalle shi ba, ya kama hawa, ni ina biye da shi, sauran na biye da ni.

Muna kaiwa tsakiya wani dogon saurayi mai farar singileti ya tare shi da ƙirji. Ya ce, "Ina za ka?"

Usta ya ce, "Kwana tamu ce. Shekara da shekaru a kwana muke tsayawa. Ku matsa mana."

"Wannan ba kwanar ubanka ba ce." Ya juya ya kalli abokansa yana dariya, sannan ya kira Usta da sunan nan da ake jifan baƙar fata da shi a titi, ya sa tafin hannu a goshinsa ya tura.

Ban ga lokacin da sifana ta fito daga aljihun Usta ba. Ƙarar na ji, kamar an fasa ƙwarya. Saurayin ya dafe fuska ya durƙusa, jini na bin tsakanin yatsunsa yana sauka kan singiletin. Ganga ta tsaya. Daga nan tudun ya kife a kanmu.

Sun fi mu yawa, kuma suna sama muna ƙasa. Kwalabe suka fara saukowa, sai duwatsu, sai mutane. Na ga an cire sandar tuta an karya ta a bayan wani ɗan Somaliya. Na ga wani ɗan Sudan ya kama kan mutum yana haɗawa da gwiwarsa. Wani ya shaƙe ni ta baya, na cije shi a hannu har na ji gishirin jininsa, ya sake ni. Ina juyowa sarƙar babur ta same ni a kunnen dama. Duniya ta yi fari. Na faɗi, ƙafafu suka yi ta bi ta kaina, wani takalmi ya sauka a bakina, na tofar da haƙori tare da yashi. Usta ne ya finciko ni da wuyan riga ya tsayar da ni. Idonsa ɗaya ya rufe, yana huci kamar sa.

Sai ga masu gadi da kulake. Ba su tambayi wa ya fara ba. Ta bayan tudun suka hau, suna dukan duk abin da ke da kai, namu da na tsallake. Kowa ya gudu gaba, gaba kuwa ba komai sai igiya da kwalta. Igiyar ta tsinke. Tayoyi suka tarwatse. Muka zube kan titin tsere muna ture juna, wasu har lokacin suna naushin wasu.

Ba wanda ya san an riga an tashi babura. Ihu ya danne ƙararsu, sai da suka shigo kwanar muka ji su.

Baƙin babur ne a gaba. Ya nemi 'yar kafa tsakanin mutane ya wuce, amma kan babur ɗin ya ɗebi wani mutum daga cikin 'yan tsallake, ya watsa shi sama, ya faɗo a kan ƙeya. Jan babur na biye. Na ga Mai Burodi ya ɗago kai ya gan mu a gabansa, bango guda na mutane. Bai nemi kafa ba. Ya kwantar da babur ɗin ƙasa da gangan, ya sake shi. Babur ya tafi yana tartsatsi ya daki tayoyi ya tsaya. Shi kuwa ya yi ta zamewa a kan kwalta a bayansa, kuma na ukun da ke zuwa ba shi da inda zai bi. Ta kan ƙafarsa ya wuce.

Wurin ya yi tsit, ba abin da kake ji sai tayar jan babur tana juyawa a iska.

Sannan wata mata ta ƙwalla ƙara daga rumfa, jama'a suka farka, fushin ya sake alƙibla. Namu da na tsallake, waɗanda yanzun nan suke neman ran juna, suka yi kan masu gadi. Aka ƙwace kulakensu aka dake su da su. Aka kayar da ɗakin katakon da ke ƙofa, wani ya tuttula masa fetur ya ƙyasta ashana. Duwatsu suka koma kan motocin tsere da ke jere suna jiran lokacinsu, gilasai na fashewa, masu su na gudu da hulunansu a hannu. Motoci ba su yi tsere ranar ba.

Usta bai je ko'ina ba. Yana durƙushe a kan kwalta, kan Mai Burodi a cinyarsa. Ƙafar daga gwiwa zuwa ƙasa ta juya ta kalli inda bai kamata ba, ƙashi ya huda wando.

Ya daka mini tsawa, "Bel ɗinka! Cire!"

Na cire, ya ɗaure cinyar, ya ja da haƙori. Direban mikrobas ɗinmu ya riga ya tsere. Muka ɗauko Mai Burodi har bakin titi, muka tare wata a-kori-kura da ta sauke bulo za ta koma gari. Muna ɗora shi sai ga 'yan tsallake biyu ɗauke da nasu, suka jefa shi ciki ba tare da sun tambayi kowa ba. Mai farar singileti ne. Hancinsa ya lotsa ciki, yana numfashi ta baki, jini na kumfa. Haka muka yi tafiyar nan, shi kwance a gefen Mai Burodi, abokansa na kallon Usta, Usta na kallon bel. 

Da muka kusa asibiti Usta ya buga rufin motar, direba ya tsaya. Ya ce mini, "Sauka."

Na ce, "Usta, ba zan bar ku ba."

"Akwai 'yan sanda a ƙofa. Za su karɓi iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, gobe kana jirgi. Me za ka gaya wa mahaifinka? Khalas, sauka."

Na sauka. Na shiga Hayyin Ashir daidai lokacin da ake fitowa daga masallacin Juma'a, ina riƙe da wando da hannu ɗaya, rigata ta rine. Mutane suka dare mini hanya. Wani mai kemis ya ja ni ciki ya ɗinke kunnen, bai tambaye ni komai ba. Har yau da wannan kunnen ba na ji sosai.

Mutumin da baƙin babur ya ɗeba ya rasu kafin a kai shi ko'ina. An yanke wa Mai Burodi ƙafa. Usta kuwa daga ƙofar asibiti 'yan sanda suka wuce da shi. Bayan 'yan kwanaki samarin tsallake suka zo da motoci biyu, da tsakar rana, suka ɓalle ƙofar garejinsa suka farfasa duk abin da ke ciki. Da ba su same shi ba sai suka kama wani tela ɗan Sudan da bai taɓa zuwa kallon tsere ba, suka karya masa hannu. Makonni muka yi ba mai fita shi kaɗai, ko zuwa darasi sai a ayari.

Tsere bai mutu ba. An ci gaba da yi a sabon filin, sai dai an rufe gefen yashi, ba mai shiga sai mai mota da katin gayyata. Mutanenmu suka koma kallon ƙwallo a gidajen shayi. In aka haɗu ba a ta da zancen.

Da aka sako Usta ya rame, yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasuwa. Washegari ya ce in raka shi gidan burodi. Mai Burodi na zaune a kan kujera a bakin tagar da ake miƙa wa mutane burodi, an naɗe ƙafar wandon an soke da fil. Ya gan mu, ya buɗe baki zai yi magana, sai mahaifinsa ya fito daga wajen tanda da doguwar muciyar katako da ake zaro burodi da ita. Tsoho ne, gashinsa duk gari. Ya ɗaga ta ya sauke a kafaɗar Usta. Ya sake, ya sake. Usta na tsaye, hannayensa a gefe. Ɗan yana ta cewa, "Baba, ya isa! Baba!" Sai da katakon ya tsage tsohon ya yar da shi, ya zauna a dandamali ya rufe fuska da rigarsa.

Masu layin burodi suka yi cirko-cirko. Usta ya sunkuya ya tsince ɓarin katakon biyu, ya jingina su da bango, ya ce mini mu tafi. A watan da ya biyo baya ya shiga jirgin ƙasa zuwa Aswan, daga can ya hau na ruwa zuwa Sudan. Ni na ɗaukar masa jaka har tasha.