An Kore Shi Can, Ya Buɗe Shago a Jega

Jiya na iske yayana a wani shago a Sabon Garin Jega, mai shagon yana lallashinsa ya sayar da albasar da ya ajiye a rudu, wato rumbun albasa, ya zuba kuɗin a hannun jari.

Na san mutumin. Ɗan garinmu ne da ya daɗe a ƙasar waje, har hukumar kasuwar hannun jari ta can ta haramta masa harkar saboda cin amanar mutane.

Na ce, "Alhaji, ba an hana ka wagga sana'a ba?"

Ko kunya babu, ya yi murmushi. "Ƙanena, can aka hana ni. Hukuncinsu iyakarshi bakin iyakarsu. Nan Kabi muke."

Abin da ya fi ƙona mini rai, a hanya yayana cewa ya yi, "To, tunda hukumarmu ba ta hana shi ba, mi ne laifi nai?" Noman shekara guda fa ake magana, abincin gidansa.

A kasuwar albasa ta Aliero, in aka kori dillali saboda ha'inci, kafin kasuwar Jega ta ci, labari ya iso can. Ko Maiyama ya je, ba mai miƙa masa buhu. Amma manyan hukumomi, kowace ta kori maha'inci daga ƙofarta kawai, ta bar mana shi.

Jama'a, ku faɗa mini: kura in ta haye gulbi, tunkiya take komawa?