Mai Askin da Ya Lulluɓe Madubinsa

Shekara talatin da ɗaya Mai Aski ya yi a shagonsa na bakin titi: ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, benci biyu, da babban madubi mai fuskantar ƙofa. Allah Ya hore masa wata baiwa. Yakan ɗora aska a wuyan mutum yana gardamar ƙwallo da na kan benci, yana amsa sallamar masu wucewa, kuma bai taɓa fitar wa kowa da jini ba.

Wata safiya yana wasa aska sai kansa ya sara, ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce jijiya ce ta fashe, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Bayan wata biyar Allah Ya tashi kafaɗunsa, harshe bai karye ba, hannu bai shanye ba. Abin da ya tafi ba ya ganuwa da ido, wato natsuwa. Ko ƙuda ya gifta sai hankalinsa ya bi shi, idan ya dawo kuma ya rasa inda ya tsaya.

A makon da ya koma aiki ya sallami wani malamin makaranta da rabin kai ba a aske ba. Kwana uku bayan haka ya ɗan yanki kunnen mahaucin unguwa. Ran nan babban ɗansa ya rufe shagon, ya sa mabuɗin a aljihu.

"Baba, yau kunne ne. Gobe fa?"

Mai Aski ya bar masa mabuɗin. Ya zauna a gida yana roƙon Allah kada ƙarshen sana'arsa ya zama abin da za a riƙa tunawa da shi ke nan.

Maiɗakinsa ce ta gano bakin zaren. Ta karɓi mabuɗin don ta kwaso tawul-tawul ta wanke, gajiya ta sa ta zauna a kujerar aski, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta dawo ta ce, "Maigida, kai kana ganin ka ba titi baya, ashe titin gaba ɗaya yana gabanka. Babura, 'yan talla, har akuyar maƙwabta, duk na gan su a madubin nan. Ni mai lafiya ma sai da kaina ya juya."

Ta ɗauko wani tsohon zanen gado, ta ce a lulluɓe madubin da shi. Ɗan ya yarda a gwada sau ɗaya, a gabansa, da injin aski kawai. Saura wanda zai ba da kansa a madubi rufe.

Sai ga amininsa, wani tsohon direba da ake kira Ba-Birki saboda bakinsa ba ya tsayawa.

"Ga nawa," in ji shi. "Da ma ba wani abin kirki a ciki."

"Da sharaɗi," in ji Mai Aski. "Ba magana har in gama."

"Ba magana? Haba, gara ka yanke kunnen!"

Ya dai zauna. Aka lulluɓe madubi, aka kashe rediyo, aka turo ƙofa. Mai Aski ya yi bisimilla, ya kama aiki yana faɗin inda yake a hankali, kamar yadda aka koya masa a asibiti: "Dama. Ƙeya. Bayan kunne." Ana cikin haka wata mota ta danna ƙaho a waje. Hannunsa ya tsaya cak, idonsa ya tafi ƙofa. Ɗan ya ɗaga ƙafa zai matso. Ba-Birki ya cije leɓe, bai ce uffan ba, sai ya ɗaga yatsa ya taɓa bayan kunnensa na hagu.

"Hagu," in ji Mai Aski. "Bayan kunne." Ya ci gaba.

Askin minti goma ya ci minti arba'in. Da aka yaye zanen, Ba-Birki ya daɗe yana juya kai.

"Wannan munin, kai ka yi shi ko da shi na zo?"

"Da shi aka haife ka."

Ɗan ya zagaya kan sau biyu yana dubawa, sa'an nan ya miƙa mabuɗin da hannu biyu. "Inji da almakashi, Baba. Askar za ta zauna a wurina."

Maganar ta soki Mai Aski, domin da askar nan ya yi suna. Ya auna abin da aka karɓa da abin da aka bar masa, ya ga wanda aka bari ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Riƙe ta, Allah Ya yi maka albarka."

Yanzu benci biyun suna waje, can ake gardama. Kai huɗu Mai Aski yake yi a yini, wani lokaci uku. Wanda ya zo gyaran gemu kuwa, da kansa yake raka shi ƙofa, ya nuna masa shagon da ke tsallaken titi, ya ce hannun mai shagon yana da kyau.